AIKIN LAMBU: KABEJI DA KWANA ƊARINSA

Wannan darasi domin 'yan'uwa ne masu ɗan fili a bayan ɗaki, ko kusa da rijiya, ko cikin harabar majami'a, waɗanda su ke so su ci kabeji na hannunsu. Illela muka sa a gabanmu, garin iyaka da ke fiye da mil 50 arewa da Sakkwato, amma maganar ta shafi mutanen Gada da Gwadabawa da Tangaza, har da 'yan'uwanmu na ƙetare a Birnin Ƙonni da Galmi. Can ƙetare shu su ke ce da shi, sunan da suka samu daga Faransanci. Abu ɗaya ne.

Ga abin da mu ke so kowa ya riƙe tun da fari. Daga ranar da aka zuba iri har ranar da aka yanke kai, kabeji yana cin wajen kwana 100. Sanyin da Allah ya ba ƙasarmu kuwa bai fi wannan da yawa ba. Wanda ya makara da wata ɗaya, ko da ya yi dukan sauran aikin daidai, ganye zai samu, ba zai sami kai ba.

Baƙo ne daga ƙasar sanyi

Asalin kabeji wani ganye ne da ke fitowa shi kaɗai bisa duwatsun bakin teku a Ingila da Faransa, inda iska ke da laima, rana kuma ba ta da ƙarfi. Mutane suka yi ta zaɓen irinsa shekaru aru-aru har ya koyi naɗe ganyensa ya ƙulla kai. Yau ƙasar Sin ce ta fi kowa noma shi, Indiya na biye da ita. Amma duk inda aka kai shi bai manta halinsa ba. Ya fi jin daɗi idan ma'aunin zafi yana tsakanin 15 da 20. Idan ya haura 30 ya zauna can, sai ganye ya ƙi naɗewa, kai ya fito sako-sako, ya yi ɗaci. A Illela kuwa, kowa ya sani, cikin Afrilu zafi ya kan wuce 40.

Kada kabejin da mu ke gani a kasuwa da damina ya ruɗe mu. Yawancinsa daga wurare masu tudu ya ke zuwa, kamar Jos, wadda ke bisa tsayin wajen ƙafa 4,000, inda sanyi ba ya ƙarewa sarai. Mu namu rabon hunturu ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu.

Bari mu yi lissafi tare. Wata ɗaya a wurin reno, kwana 70 ko kusa da haka bayan dashe. Irin da aka zuba ran 15 ga Oktoba zai isa yanka wajen 23 ga Janairu. Na 1 ga Nuwamba, wajen 9 ga Fabrairu. Na 15 ga Nuwamba, wajen 23 ga Fabrairu. Na 1 ga Disamba sai wajen 11 ga Maris, wannan kuwa ya riga ya taka bakin bazara. Wanda ya ce bari a gama hidimar Kirsimati tukuna, nasa zai soma ƙulla kai cikin zafin Maris, ya isa yanka cikin Afrilu, in ya isa ke nan. Mutane da yawa a nan su ke faɗuwa, gama sai sanyi ya kama jikinsu sa'an nan su ke tuna lambu, alhali ya kamata sanyin ya tarar da dashen ya riga ya kama ƙasa.

Akwai masu marmarin su ga kabejin gidansu bisa shinkafar Kirsimati. Ya yiwu, amma sai a zuba iri tun tsakiyar Satumba, ana cikin ƙarshen ruwa, a kuma bi da shi ta cikin zafin Oktoba. Sai iri mai jimre zafi, da rumfa, da ido kullum. Ba mu shawarci wanda ya ke farawa bana ya gwada wannan ba.

Zancen ruwa

Ubangijinmu ya yi misali da mai ginin soro cikin Luka sura 14, wanda ya kamata ya zauna ya yi lissafi kafin ya sa harsashi. Lissafin mai lambu a Illela na ruwa ne. Dattawa suna ba da labarin yadda tafkin Kalmalo ya ke a da, da kifinsa da lambunansa. Ruwansa daga kwarin Magiya ya ke gangarowa, daga cikin Nijar, inda aka yi madatsu domin gonakin ban ruwa na Ƙonni, ga kuma shekarun fari. Har ƙasashen biyu suka sa hannu bisa wata yarjejeniya a Maiduguri cikin 1990 a kan rabon ruwan da su ke tarayya a kai, kwarin nan yana ciki. Amma mai lambun gida bai ga wannan ruwa ba. Nasa daga guga ne, ko famfon unguwa, ko hannun 'yan garuwa.

Komi mai faɗin ƙafa 3 da tsawon ƙafa 16 yana ɗaukar tushe 20. Cikin iskar hunturu, bisa ƙasa mai rairayi, zai sha kamar garwa biyu ko wace rana. Kwana 70 ke nan, garwa 140, watau garwa bakwai a kan ko wane kai. Ku dubi wannan lissafi da kyau. In an shuka a kan kari, garwa bakwai ta haifi kai mai nauyin kilo ɗaya ko fiye, ba a yi hasara ba. In an makara, garwa 140 ce aka zubar domin ganyen awaki.

A nan muna da magana da maza. Sau da yawa maigida ne ke sha'awar lambu, shi ke sayen iri, shi ke dashe da murna, sa'an nan ɗaukar ruwan ya koma kan uwargida da yara har wata biyu da rabi. Wannan ba daidai ba ne cikin gidan mai bi. A yi shawara tare tun ba a sa fartanya ba, a yanka komin da gidan zai iya shayarwa ba tare da gunaguni ba. Komi ɗaya da ya ƙoshi ya fi uku masu ƙishirwa. Ruwan wanke hatsi da na ɗauraye ƙwarya yana da amfani ga lambu. Ruwan wanki mai omo, da na kwata, da duk wanda ya bi ta kusa da masai, kada ya taɓa abin da za a ci ɗanye.

Iri

Kabeji ba ya yin iri a ƙasarmu. Sai ya ga sanyi mai tsanani na tsawon makonni kafin ya fid da fure, saboda haka ko wace shekara sai an saya. Tsohon iri da aka daɗe da sani shi ne Copenhagen Market, wanda aka fito da shi daga Danmak cikin 1909. Yana nuna da wuri, kansa kewayayye ne, amma yana son sanyi sosai, yana kuma saurin tsagewa in an bar shi. A takardun da ke zuwa daga ƙetare a kan rubuta sunansa da Faransanci. Akwai kuma Oxylus da KK Cross, waɗanda suka fi jimre zafi. Su ne suka dace da shuka ta fari da ta ƙarshe, ko da ya ke sun fi tsada.

Ba a fafe gora ranar tafiya. A nemi iri tun cikin Satumba. Mazauna Illela sun ga yadda iyaka ta ke: an rufe ta cikin Agusta 2019 ba a buɗe ba sai Disamba 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. Wanda ya dogara ga cewa zai ƙetara ya sayo iri ran da ya bukata, ya jingina da zana. A dubi kwanan watan da ke jikin takarda. Irin da ya sha rana bisa teburin mai sayarwa ya kan mutu ba a sani ba. Gwaji ba shi da wuya: a ƙirga ƙwaya 10, a naɗe cikin tsumma mai laima, a ajiye a inuwa mako ɗaya ana yayyafa ruwa. In bakwai ko fiye sun tsira, iri na da rai. Ƙwayoyin ƙanana ne ƙwarai, giram ɗaya ya kan kai 250, saboda haka ƙaramar takarda ɗaya ta ishi gida uku. Zumuntar mata za ta iya saye a raba.

Reno da dashe

Wurin reno ba ya bukatar fili. Tsohuwar tasa da aka huda gindinta ta isa, ko ɗan gefen komi. A haɗa ƙasa mai laushi da ruɓaɓɓen taki, a ja layi da yatsa, tsakanin layi da layi inci huɗu, zurfi rabin inci. A zuba iri jefi-jefi, a rufe, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa, a ba da ruwa a hankali. Cikin kwana huɗu zuwa shida zai tsiro, ran nan kuwa a ɗauke ciyawar. In tsiron ya cunkushe, ko ruwa ya yi yawa, sai ƙafarsa ta yi baƙi ta ruɓe, ya kwanta cikin dare ɗaya. A rage shi tun yana ƙarami. Kaji da ƙadangaru da fara duk suna sonsa. Tsohon gidan sauro da ya gama aikinsa, in an ɗinke hujojin aka rufa bisa 'yan sanduna, yana tsare shi daga waɗannan duka. Mun ce tsoho. Kada a kwance wanda yara ke kwana ciki.

Sa'anda reno ke girma, a shirya komi. A yi shi kamar na albasa, mai ɗan zurfi da gefe kewaye domin ya riƙe ruwa. Mutanen wannan yanki ba su bukatar a koya musu wannan, gama albasar Galmi ta yi suna har ƙasashen bakin teku. A kaftu ƙasa zurfin taƙi ɗaya ko fiye, a juya ta da garwa biyu ta busasshen taki. Garin da ke da kara irin ta Illela bai kamata ya rasa taki ba. Sai dai ya zama wanda ya kwana biyu ya huce. Ɗanyen kashin dabba yana ƙone saiwa, yana kiran gara. A kewaye wurin da darni na kara, domin awaki, domin kuma iskar gabas mai busar da ganye.

Bayan mako huɗu ko biyar, sa'anda tsiro ya yi ganye huɗu ko biyar, ya isa dashe. Mako ɗaya kafin ranar a janye rumfa, a rage ruwa kaɗan, domin ya saba. A yi dashe da la'asar sakaliya, kada da safe. A jiƙa wurin reno tukuna, a ɗago ko wane da ƙasarsa a jikin saiwa. A dubi tsakiyarsa: wanda ba shi da ɗan toho a ciki makaho ne, ba zai taɓa ƙulla kai ba, a yar. Tsakanin tushe da tushe ƙafa ɗaya da rabi, layi biyu cikin komi. A binne shi har gindin ganyen fari, a danna ƙasa da yatsu, a ba shi ruwa nan take. Zai yi yaushi kwana biyu ko uku kamar zai mutu. Kada a karai.

Mako uku bayan dashe, wanda ya ke da takin zamani na yuriya ya sa cikin murfin kwalba ɗaya ga ko wane tushe, nesa da jikinsa kamar faɗin tafin hannu, ya rufe da ƙasa, ya bi da ruwa. A maimaita sa'anda ganye ya soma naɗewa. Wanda ba shi da shi ya ƙara ruɓaɓɓen kashin kaji. Saiwar kabeji a sama-sama ta ke, saboda haka a cire ciyawa da hannu.

Kada a shuka duka rana ɗaya

Tushe 20 da aka dasa rana ɗaya za su nuna kusan mako ɗaya. Wane gida ne zai cinye kai 20 cikin kwana bakwai? Sai a ce a kai kasuwa. Ga shi kuwa babbar kasuwar Illela ran Lahadi ta ke ci. Mun san wannan jaraba ce ta gaske, ba ta wasa ba, musamman ga wanda ya ke kallon wahalarsa tana tsagewa cikin komi, ga kuɗin makaranta a gaba. Ba mu rubuta wannan domin mu ɗora wa kowa laifi ba. Amma a ganinmu ba ran Lahadin ba ne a ke warware wannan damuwa. Tun cikin Oktoba a ke warware ta.

A kasa irin kashi uku, a zuba da ratar mako biyu: tsakiyar Oktoba, farkon Nuwamba, tsakiyar Nuwamba. Ko wane kashi tushe bakwai ko makamancin haka. Da haka gida zai yi ta yanka daga ƙarshen Janairu har farkon Maris, uku ko huɗu a mako. In tsutsa ta ci kashi ɗaya, saura na nan. Ku buɗe Mai-Wa'azi sura 11 aya 6 ku karanta a gida, za ku ga shawarar ba sabuwa ba ce. Abin da ya ragu kuma ba sai ya jira ranar kasuwa ba. Masu tsire da masu abincin sayarwa suna neman kabeji ko wace rana, sun kuwa fi son wanda aka yanko yanzu. A sanar da su tun kai bai nuna ba. Kasuwar Ƙonni ta Laraba ce, ga wanda hanya ta buɗe masa. A tuna kuma da gwauraye da marasa lafiya na cikin ekklesiya, da maƙwabcin da ya ba mu aron guga, ko wane addini ya ke bi.

Abokan gaba

Mafi muni shi ne wani ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi mai launin toka, bai kai tsawon farce ba, mai tashi da magariba. Yana saka ƙwai a ƙarƙashin ganye. Tsutsarsa kore ce, siririya, in an taɓa ta sai ta yi tsalle da baya ta rataya da zare. Tana cin ganye daga ƙasa ta bar fata kamar tagar gilashi. Cikin zafi, daga ƙwai zuwa uwa mai saka wani ƙwan bai fi mako biyu ba da 'yan kwanaki, shi ya sa kabejin da ya makara ya ke shan wuya biyu. Wannan ƙwaro ya yi suna a duniya. Tun cikin 1953 aka ba da labari daga tsibirin Jawa cewa maganin DDT ya daina kashe shi, daga nan kuwa kusan ko wane magani aka fito da shi, sai ya saba da shi. Mai ƙara guba bisa guba kansa ya ke cuta da iyalinsa.

Akwai wata tsutsa kuma mai shiga tsakiyar ƙaramin dashe ta cinye tohon, ta bar saƙa da ɗan kashi. Wanda ta ci, maimakon kai ɗaya sai ya fid da ƙanana uku ko huɗu marasa amfani. In an gani da wuri a tumɓuke a maye da wani. Domin wannan a kan bar 'yan tsiro a wurin reno. Sai darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu taruwa su tsotse ganye har ya nannaɗe.

Mai tushe 20 yana da makamin da mai kadada ba shi da shi, watau ido da yatsa. Ko wace safiya a juya ganye a duba, a murtsuke abin da aka gani. Aiki ne da yara za su iya, suna kuwa jin daɗinsa. Bayan wannan sai dogon yaro, wanda waɗansu ke kira bedi ko darbejiya. A tara 'ya'yansa, a wanke, a shanya, a daka rabin kilo, a jiƙa cikin rabin garwa na ruwa ya kwana. Da safe a tace da tsumma, a narka ɗan sabulu ciki, a ajiye a inuwa, da yamma a yayyafa, musamman ƙarƙashin ganye da tsakiya. Sau ɗaya a mako. Ba ya kashewa nan da nan, hana tsutsa ci da girma ya ke yi, saboda haka a soma tun ba ta yi yawa ba. A daina mako ɗaya kafin yanka saboda ɗaci. In abin ya gagara har sai an sayi magani, a tambayi malamin gona, a kiyaye kwanakin jira da aka rubuta a jikin kwalba. Maganin auduga, da ota-fiya-fiya na kashe sauro a ɗaki, ba na abinci ba ne ko kaɗan. Kabeji yana naɗe abin da aka zuba masa cikin ganyensa, wanki ba ya kai wa can.

In aka ga gefen ganye ya yi rawaya, rawayar tana shiga ciki da tsini kamar bakin mashi, jijiyoyin kuma sun yi baƙi, wannan cuta ce ta ruɓa, ba ta da magani. A tumɓuke, a ƙone, kada a jefa cikin taki. Ban ruwa a gindi maimakon bisa ganye yana rage yaɗuwarta.

Yanka

Ba girma ke nuna kai ya isa ba, tauri ne. A danna da tafin hannu. In ya yi tauri ba ya lotsawa, ya nuna. Zai iya jira kamar mako ɗaya. Bayan haka, ko kuwa in ya sha ƙishirwa sa'an nan aka cika shi da ruwa, sai ya tsage. In ana so ya ƙara jira, a kama shi da hannu biyu a ɗan murɗa har a ji waɗansu saiwoyi sun tsinke, a kuma rage ruwa. A yanka da sassafe da wuƙa mai kaifi, a bar ganye biyu ko uku na waje su rufe shi. A inuwa, cikin kwando da jiƙaƙƙen buhu a kai, zai yi mako ɗaya ko fiye in da sauran sanyi.

Cikinsa akwai sinadarin da likitoci ke kira bitamin C, mai hana dasashi zub da jini, mai taimakon miki ya warke. Domin tsare mutanensa daga ciwon zubar jinin dasashi ne matuƙin jirgin ruwan nan na Ingila, Kyaftin Kuk, ya ɗauki gangunan kabeji mai gishiri cikin tafiyarsa ta 1768. Doguwar dahuwa tana kashe wannan amfani. In za a sa a miya ko dafa-duka, a sa daga ƙarshe. In kwaɗo za a yi da ƙuli-ƙuli, a wanke ganye ɗaya ɗaya da ruwa mai tsabta irin na sha. Abin da ya yi yawa a yanka siriri a shanya a inuwa bisa tabarma, a ajiye domin miyar bazara, sa'anda ganye ke wuya.

Kututturen da aka bari cikin Janairu, in ana ba shi ruwa, ya kan fid da 'yan ƙananan kawuna kamar dunƙulen hannu. A bar biyu a cire saura. Na ƙarshen Fabrairu kuwa a tumɓuke shi duka, gama gidan tsutsa kawai zai zama. Komin a juya shi a sa alayyafo ko kuɓewa, masu son zafi. Baɗi a kai kabeji wani gefen, kada ya komo wannan wuri sai bayan shekara uku.